Darasi na 9: Yawan Tsami da Ƙarfin Tsami

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bambance yawan asid da ƙarfinsa;
2. faɗin ma'anar Ka da pKa;
3. zana layin taitireshan, ya kuma karanta shi;
4. fitar da pKa daga layin, tare da zaɓen manunin da ya dace.

Mu fara daga madafi

Duk wadda ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san aikin kanwa. In tsami ya yi yawa, sai a jiƙa 'yar kanwa, a tsiyaya ruwanta kaɗan, miya ta taso da kumfa, a juya, a ɗanɗana. In da saura, a ƙara. Gwanar girki ba ta juye ruwan kanwar gaba ɗaya, domin ta san akwai gaɓar da in aka wuce ta, tsami ya tafi amma miya ta lalace, sai ɗanɗanon kanwa da duhun launi. Ta kuma san wani abu: da farko za a yi ta zubawa kamar tsamin ba ya jin kira, amma can kusa da ƙarshe ɗan ƙari kaɗan ne ke juya tukunyar baki ɗaya.

Abin da take yi da ludayi da harshe shi ne masu ilimin sinadarai ke yi da kwalabe da na'ura, suna kiransa taitireshan, wato awon ɗigo-ɗigo. Tsamin yakuwa asid ne. Kanwa kuwa tana cikin sinadaran da ke kashe asid, waɗanda ake kira bes. Turawa suna kuma ce musu alkali, kalmar da suka aro daga Larabci, inda take nufin tokar tsirrai. Da yake tana kama da alƙalin kotu, za mu tsaya a kan bes.

Asid ɗin da muke ci kullum

Yawancin tsamin abincinmu daga asid na halittu yake, wato masu ɗauke da kabon, waɗanda tsirrai da dabbobi da ƙananan ƙwayoyin halitta ke samarwa. A lemun tsami akwai asid sitirik, a tsamiya akwai tatarik, a nono da kindirmo akwai laktik, a binega akwai asetik. Wasu tururuwa ma suna kare kansu da asid fomik, wanda ya samo sunansa daga sunan tururuwa a Latin. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ne ya ware laktik daga madarar da ta yi tsami a 1780, ya ware sitirik daga ruwan lemun tsami a 1784.

Dukkansu suna da wani gungu iri ɗaya a jikinsu, wanda ake rubutawa –COOH. Haidirojin ɗin ƙarshen gungun shi ne ke iya ɓallewa ya shiga ruwa a matsayin H⁺. A 1923, Brønsted ɗan Denmak da Lowry ɗan Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa asid shi ne mai ba da H⁺, bes kuma mai karɓarsa. Ku dubi asetik, CH₃COOH: haidirojin huɗu gare shi, amma ɗaya tak yake bayarwa. Sauran ukun suna maƙale da kabon, ba sa motsi.

Na kasuwa da na rumbu

A ce ƙauyuka biyu kowanne ya noma buhu dubu na gero. Mutanen ƙauye na farko suka kwashi nasu duka suka kai kasuwa. Na biyu suka fitar da buhu goma sha uku, suka rufe saura a rumbu. Baƙon da ya zaga kasuwannin biyu zai ce ƙauye na biyu ba su yi noma ba, alhali amfanin gonar ɗaya ne.

Haka asid yake a cikin ruwa. Mai ƙarfi, kamar haidirokulorik, HCl, yana sakin H⁺ ɗinsa kusan duka. Mai rauni, kamar asetik, kaɗan yake saki, ya riƙe saura. In aka narka mol 0.100 na asetik a ruwa har ya cika lita ɗaya, wanda ake taƙaita rubutawa 0.100 M, cikin kowace ƙwaya dubu kusan goma sha uku ne kawai suka rabu da H⁺ ɗinsu.

Ma'aunin pH na kasuwa kaɗai yake gani, wato H⁺ da ke yawo a sake. Søren Sørensen ne ya fito da shi a 1909, yana aiki a ɗakin bincike na Carlsberg da ke Kofanhagen. Ƙa'idarsa ita ce pH = –log[H⁺]. Ruwa tsantsa yana da pH 7 a zafin digiri 25. Duk saukar da lamba ta yi da ɗaya, H⁺ ya ninka sau goma. Don haka HCl na 0.100 M yana da pH 1.00, asetik mai yawa iri ɗaya kuma 2.88. Yawansu ɗaya, ƙarfinsu ya sha bamban.

Ka da pKa

Mu kira kowane asid mai rauni HA. A cikin ruwa yana rabuwa, yana kuma sake haɗuwa:

HA ⇌ H⁺ + A⁻

Idan rabuwa da haɗuwa suka daidaita, akwai lambar da ba ta sauyawa matuƙar zafin ruwan bai sauya ba:

Ka = [H⁺][A⁻] / [HA]

Sama shi ne abin da ya fita kasuwa, ƙasa shi ne abin da ke rumbu. Ka mai girma na nufin asid mai sakin hannu, ƙarami kuma na nufin mai maƙo. Na asetik kusan 1.75 × 10⁻⁵ ne. Irin wannan lamba tana da wuyar riƙewa, shi ya sa ake yi mata abin da aka yi wa H⁺: pKa = –log Ka. A nan sai a kula, domin lissafin ya juya: ƙaramin pKa shi ne asid mafi ƙarfi.

| Asid | Inda ake samunsa | pKa a digiri 25 |
|---|---|---|
| Fomik | wasu tururuwa | 3.75 |
| Laktik | nono, kindirmo | 3.86 |
| Benzoyik | maganin adana lemon kwalba | 4.20 |
| Asetik | binega | 4.76 |
| Tatarik | tsamiya | kusan 3.0 da 4.3 |
| Sitirik | lemun tsami | 3.13, 4.76, 6.40 |

Tsakanin laktik da asetik akwai tazarar 0.9, ma'ana Ka na laktik ya ninka na asetik kusan sau takwas. Me ke kawo wannan bambanci? Maƙwabtan gungun –COOH ne. In akwai ƙwayar zarra mai jan lantarki a kusa, tana rage wa A⁻ nauyin cajin da aka bar masa, sai sakin H⁺ ya yi sauƙi. Cire haidirojin ɗaya daga CH₃ na asetik a sa kulorin a gurbinsa yana saukar da pKa daga 4.76 zuwa 2.86. In aka sa kulorin uku, yana faɗowa ƙasa da 1.

Kayan aiki da yadda ake yi

Ana buƙatar buret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo da ɗan famfo a ƙasa, fifet, na ɗibar ruwa daidai gwargwado, kofin gilashi, na'urar awon pH, da ruwan sodiyam haidiroksaid, NaOH, wanda aka san yawansa. NaOH ita ce sodar da ake haɗa sabulu da ita, kuma kowa ya san yadda take cin fata. A sa tabarau na kariya. Kada a zuƙi fifet da baki, akwai robar da aka yi don haka. Ɗanɗano kuma a bar wa madafi, ba a yinsa a ɗakin gwaji.

A ɗebi mililita 25.0 na asetik 0.100 M a zuba a kofi. A cika buret da NaOH 0.100 M. A tsoma bakin na'ura a kofin, a rubuta pH na farko. Sai a riƙa sako bes kaɗan-kaɗan ana juyawa, ana jira lamba ta tsaya kafin a rubuta. Da zarar an ga lamba ta fara gudu, a koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Ɗigo guda kusan mililita 0.05 ne. Abin da ke faruwa a kofin shi ne:

CH₃COOH + OH⁻ → CH₃COO⁻ + H₂O

Ga abin da lissafi ya ba da, tare da na HCl don kwatance:

| NaOH, mililita | pH na asetik | pH na HCl |
|---|---|---|
| 0 | 2.88 | 1.00 |
| 5.0 | 4.16 | 1.18 |
| 10.0 | 4.58 | 1.37 |
| 12.5 | 4.76 | 1.48 |
| 15.0 | 4.94 | 1.60 |
| 20.0 | 5.36 | 1.95 |
| 24.0 | 6.14 | 2.69 |
| 24.9 | 7.16 | 3.70 |
| 25.0 | 8.73 | 7.00 |
| 25.1 | 10.30 | 10.30 |
| 26.0 | 11.29 | 11.29 |
| 30.0 | 11.96 | 11.96 |

Kowa ya ɗauki takardar giraf. Mililita a kwance, pH a tsaye. A sa ɗigo-ɗigon, a haɗa su da layi mai santsi, ba da rula ba.

Karanta layin

Layin asetik yana da zango huɗu.

Zango na farko ɗan hawa ne mai sauri. Mililita biyar kacal suka ɗaga pH daga 2.88 zuwa 4.16, domin bes ya fara share 'yan H⁺ da ke kasuwa.

Zango na biyu shimfiɗaɗɗe ne. Daga mililita 5 zuwa 20, an zuba ninki uku na abin da aka zuba a baya, amma pH bai ƙaru da fiye da 1.2 ba. Wannan ne lokacin da mai girki ke cewa tsamin ba ya jin kanwa. Dalili shi ne, duk H⁺ ɗin da bes ya kwashe, rumbu na fito da wani. Yanzu kofin na ɗauke da HA da A⁻ tare: in bes ya shigo HA ya tare shi, in asid ya shigo A⁻ ya tare shi. Irin wannan gauraye ana kiransa bafa, za mu iya ce masa ruwan garkuwa.

Zango na uku katanga ce. Daga 24.9 zuwa 25.1, kusan ɗigo huɗu ke nan, pH ya yi tsalle daga 7.16 zuwa 10.30. Rumbu ya ƙare, babu sauran mai tarewa. Tsakiyar wannan katanga ita ce gaɓar daidaito, inda yawan bes da aka zuba ya yi daidai da yawan asid da aka fara da shi.

Zango na huɗu layin ya sake kwantawa. Daga nan rarar NaOH ce kawai ke magana, shi ya sa lambobin asetik da na HCl suka zama ɗaya.

Yanzu ku dubi jadawalin da kyau. Asid biyun duk sun kai gaɓar daidaito a mililita 25.0. Mai rauni bai ci bes ƙasa da mai ƙarfi ba ko da ɗigo, domin taitireshan yana ƙirga na kasuwa da na rumbu duka. Wurin da katanga ta tsaya yana faɗin yawan asid ne, ba ƙarfinsa ba.

Akwai kuma kuskuren da ɗalibai suka cika yi: zaton cewa gaɓar daidaito kullum pH 7 ce. Ga HCl haka ne, ga asetik kuwa 8.73 ce. A wannan gaɓa duk asetik ya koma asetet, CH₃COO⁻, shi kuma bes ne mai rauni, yana fizgar H⁺ daga ruwa ya bar OH⁻. Mu lissafa: an fara da milimol 2.5, ruwan ya zama mililita 50, don haka asetet 0.050 M ne. Lambar da ke nuna ƙarfinsa a matsayin bes ita ce Kb = 10⁻¹⁴ ÷ Ka, wato kusan 5.7 × 10⁻¹⁰. In aka ninka da 0.050 aka ɗauki tushen murabba'i, [OH⁻] zai zama 5.3 × 10⁻⁶. Ke nan pOH, wato –log[OH⁻], 5.27 ne, pH kuma 14 – 5.27 = 8.73.

Rabin hanya

Ƙarfin asid kuma a ina yake ɓoye? A mililita 12.5, rabin abin da ake buƙata. A nan rabin asid ya koma A⁻, rabi yana nan HA, wato [HA] = [A⁻]. Ku koma ƙa'idar Ka: na sama da na ƙasa sun cinye juna, saura Ka = [H⁺]. Ke nan a rabin hanya, pH = pKa. Jadawali ya nuna 4.76, kuma shi ne pKa na asetik.

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gano pKa na asid mai rauni da ba a san shi ba. A nemo gaɓar daidaito, a raba mililitar gida biyu, a haura daga nan zuwa layi, a karanta pH. Ba sai an san yawan asid ɗin tun farko ba.

Sauran lambobin zango na biyu daga wannan ƙa'ida suka fito:

pH = pKa + log([A⁻] / [HA])

Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard a Amurka ne ya tsara asalinta a 1908, daga baya likita Karl Hasselbalch ɗan Denmak ya mayar da ita siffar log, shi ya sa take ɗauke da sunansu duka biyu. Mu gwada ta a mililita 20: kashi 20 sun koma A⁻, kashi 5 sun rage HA. 20 ÷ 5 = 4, log 4 = 0.60, sai 4.76 + 0.60 = 5.36. Bafa ya fi aiki tsakanin pKa – 1 da pKa + 1, kuma ƙarfinsa ya fi yawa a tsakiya.

Mutanen nan biyu jini suke bincike. Jinin mai lafiya yana tsakanin pH 7.35 da 7.45, kuma babban abin da ke riƙe shi a nan bafa ne na asid kabonik da baikabonet, mai pKa kusan 6.1 a jiki. Baikabonet ya ninka abokinsa kusan sau 20; log 20 = 1.3, sai 6.1 + 1.3 = 7.4. A masana'antar abinci ma ana dogaro da wannan lissafi. Benzoyik yana hana ruɓa ne idan yana siffar HA, saboda haka ya fi amfani a abin sha mai tsami, wanda pH ɗinsa ke kusa da 4.20 ko ƙasa da haka.

Zaɓen manuni

In babu na'ura, ana amfani da manuni, wato rini mai sauya launi gwargwadon pH. Kuna da shi a gida: ku ɗiga ruwan kanwa a ɗan zoɓo, za ku ga jan ya dushe ya yi duhu, har ya karkata zuwa kore-kore, ku matsa lemun tsami, ja ya dawo. Manuni shi kansa asid ne ko bes mai rauni, wanda launinsa ke sauyawa idan ya ba da H⁺ ko ya karɓa.

Sharaɗi ɗaya ne: manuni ya sauya launi a kan katanga. Finoftalin, wanda Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871, ba shi da launi a asid, yana komawa ruwan hoda tsakanin pH 8.2 da 10. Wannan yana cikin tsallen asetik, saboda haka ya dace. Metil oranj kuwa yana sauyawa tsakanin 3.1 da 4.4. A gwajinmu pH ya kai 4.4 tun kusan mililita 7.6, ko sulusin hanya ba a kai ba. Wanda ya dogara da shi zai rufe famfo ya ce ya gama, alhali rumbu na nan cike.

Asid mai H⁺ fiye da ɗaya

Sitirik yana da gungun –COOH uku, tatarik biyu, kuma ɗaya bayan ɗaya suke sakin H⁺. Na farko ya fi sauƙin fita, domin kowane na gaba zai rabu ne da ƙwayar da cajinta ke ƙara jansa baya. Sai mutum ya yi tsammanin ganin katanga uku a layin lemun tsami. Ba haka ake gani ba. Tazarar pKa ɗin kusan 1.6 ce kawai, kafin na farko ya gama fita na biyu ya fara. Abin da ke bayyana shi ne dogon hawa a hankali, sannan katanga ɗaya a ƙarshe, bayan kowane mol na sitirik ya ci mol uku na NaOH. Sai tazarar ta kai kamar 3 zuwa 4 ake ganin katangu a rarrabe, kamar a asid maleyik mai pKa kusan 1.9 da 6.2. A irin sitirik, dabarar rabin hanya ƙiyasi kawai take bayarwa.

Inda aiki ke ɓaci

Ruwan NaOH yana shan iskar kabon dayoksaid in aka bar shi a buɗe, yawansa ya ragu. A rufe shi, a kuma tantance yawansa kafin amfani. Kumfar iska a bakin buret tana sa a rubuta abin da ba a zuba ba. A kore ta tun farko. A karanta buret ido na daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. A saita na'urar pH da bafa na 4 da na 7 kafin a fara. Sannan gaggawa kusa da katanga ita ce kanwa uwar gami: wanda ya zuba mililita guda a lokaci ɗaya a wurin, ya tsallake gaɓar daidaito bai gan ta ba, kuma rabin hanyar da zai lissafa ma ta karkace.

Taƙaitawa

Layin taitireshan yana amsa tambaya biyu a zane ɗaya. Mililitar da katanga ta tsaya a kai tana faɗin yawan asid. pH na rabin wannan mililita yana faɗin pKa, wato ƙarfinsa. Na'urar pH ita kaɗai na kasuwa take gani. Sai an bi da buret ake sanin abin da ke rumbu.

Tambayoyi

1. Da kalmominka, me ya sa HCl da asetik masu yawa ɗaya suka ci NaOH daidai wa daida, alhali pH ɗinsu na farko ya bambanta?
2. An auna wani asid mai H⁺ ɗaya. Gaɓar daidaito ta faɗo a mililita 18.0, kuma a mililita 9.0 pH ya nuna 3.86. Wane asid ne a jadawalinmu? Nawa ne Ka ɗinsa?
3. Yi amfani da ƙa'idar Henderson da Hasselbalch ka tabbatar da pH na asetik a mililita 10.0 da 24.0.
4. An ɗebi mililita 10.0 na binega, aka ƙara ruwa ya cika 100. Mililita 25.0 na wannan ya ci mililita 20.8 na NaOH 0.100 M. Mol ɗaya na asetik giram 60 ne. Giram nawa ne na asetik a litar binegar? Kwatanta amsarka da kashi 5 cikin 100 da aka saba rubutawa a jikin kwalba.
5. Me ya sa metil oranj bai dace da asetik ba, amma ana iya amfani da shi ga HCl?

Aikin gida

Jiƙa zoɓo ba sukari, ka raba shi daidai a kofi biyu. Matsa cokali ɗaya na lemun tsami a ɗaya daga ciki. Da ƙaramin cokali, riƙa zuba tacaccen ruwan kanwa a kowane kofi kana juyawa, kana ƙirga cokula har launi ya juya. Rubuta adadin kowane kofi, ka zo da bayanin dalilin bambancin a zama na gaba.